Yadda Ake Haɗa Takardun Atisayen Lissafin Sau Don Yaran Aji Biyu da Aji Uku

Yawancin littattafan rubutu da ake sayarwa a kasuwar Katsina suna ɗauke da jadawalin sau a bangon baya, tun daga gidan biyu har gidan sha biyu. Yara suna rera shi da safe kamar waƙa, murya ɗaya, har a ji su daga bakin titi. Amma a ware yaro ɗaya a ce masa, "Biyu sau bakwai nawa ne?" Sai a ga leɓensa yana motsi, ya koma can farko yana jerowa daga biyu sau ɗaya har ya iso. Idan aka katse shi a hanya, shi ke nan, zaren ya tsinke. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Ya haddace waƙa ne, bai riƙe lissafi ba, kuma aikin takardar atisaye shi ne ta ɗauke shi daga waƙar ta kai shi ga lissafin. Jagorar nan ta malaman firamare ce, da masu koyarwa a gida da yamma, da iyayen da ke son su buga wa yaransu abin yi.

Ma'anar "sau" kafin a kunna kwamfuta

Bahaushe idan ya ce "uku sau huɗu", abin da yake nufi shi ne uku, a maimaita ta har sau huɗu: 3 + 3 + 3 + 3. Kashi huɗu ke nan, kowane kashi uku-uku, kamar yadda mai tumatir ke kasa kayanta a kan buhu. Lambar farko ita ce abin da ke cikin kashi ɗaya, ta biyu ita ce yawan kashin. Haka ma jadawalin bayan littafi yake tafiya, 3 × 1, 3 × 2, 3 × 3, wato uku sau ɗaya, uku sau biyu, uku sau uku, kullum ana ƙara kashi ɗaya.

To, da yawa daga takardun da ake saukowa daga intanet an yi su ne don yaran Amurka da Ingila, kuma a cikinsu an fi zana 3 × 4 a matsayin kashi uku, kowanne huɗu-huɗu. Amsa ɗaya ce, sha biyu. Amma yaro ɗan shekara bakwai bai san haka ba tukuna. Malama ta ce "uku sau huɗu", ido ya ga huɗu sau uku, sai kunne da ido su raba hanya. Saboda haka ƙa'ida ta farko: a duk takardun farko, hoto ya bi yadda ake faɗa da Hausa. Idan an sauko da takarda daga waje kuma hotonta ya juya, a juya lambobin su dace da shi kafin a buga. Ranar da za a nuna wa yaro cewa 3 × 4 da 4 × 3 duk ɗaya ne tana zuwa, kuma tana da takardarta ta musamman.

Kuma kada takarda ta riga hannu. Kwana biyu ko uku na farko a kowane sabon gida, a zube wa yara murafen kwalba, ko ƙwallon dabino, ko tsakuwa, kowane yaro kamar guda talatin, su kasa da kansu: "Yi mini kashi biyar, bibbiyu." Wanda ya kasa yin wannan da hannunsa, babu takardar da za ta amfane shi. A dai kula da ƙannensu 'yan ƙasa da shekara uku idan a gida ne, don ƙananan abubuwa irin waɗannan baki suke nufa.

Gidan da za a fara da shi

Ba dole ba ne a bi jadawali a jere, kuma bai ma kamata ba. A fara da gidan biyu, domin yaro ya daɗe yana ganinsa: takalma, idanu, ƙafafun kaza, raka'o'in Asuba. Sai gidan goma, sai gidan biyar, waɗanda yatsu da kuɗi suka riga suka koya masa rabinsu. Daga nan gidan huɗu, wanda ninkin gidan biyu ne, sai uku, sai shida, ninkin uku, sai takwas, ninkin huɗu, sai tara. Bakwai ce ta ƙarshe, kuma kafin a iso ta an riga an cinye kusan dukkanta ta wasu gidajen.

Lissafin wannan yana da daɗi, kuma ya kamata malami ya san shi don ya kwantar wa kansa da yara hankali. Daga 1 × 1 zuwa 10 × 10 tambayoyi 100 ne. Da zarar yaro ya gane cewa juya lambobi ba ya canja amsa, sun koma 55. A cire gidan ɗaya da gidan goma, saura 36. A cire biyu da biyar, saura 21. Idan uku da huɗu da tara suka zauna, abin da ya rage guda shida ne kacal: 6 × 6, 6 × 7, 6 × 8, 7 × 7, 7 × 8, da 8 × 8.

Gidan sha ɗaya da sha biyu kuwa a bar su sai daga baya. Gidan sha biyu ya samu gindin zama ne tun zamanin da sule yake kwabo goma sha biyu, sisi shida, taro uku, kafin Najeriya ta koma naira da kwabo a 1973. Har yanzu yana da amfani wajen dozin da watannin shekara, amma ba shi ne damuwar ɗan aji biyu ba.

A aji biyu, gidan biyu da goma da biyar sun isa aikin zango guda, idan ana so su zauna daram. Sauran na aji uku ne.

Tsarin falle

Takardar da ake samu a shaguna A4 ce, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. A tabbatar an saita wannan girman a Word ko WPS tun kafin a rubuta komai, domin wasu kwamfutoci suna zuwa da girman takardar Amurka, mai faɗin 21.6 da tsawon 27.9, wanda ke sa rubutu ya gurgusa ko gefe ya yanke idan an zo bugawa. A bar santimita ɗaya da rabi a kowane gefe. Abin da ya rage na aiki faɗin 18 ne.

A sama a ware santimita uku: layin suna, aji, da kwanan wata. Layin suna ya kai santimita goma, don yaro mai manyan haruffa ya samu wurin sunansa da na mahaifinsa. A kusurwar dama a sa wata 'yar alama ta malami, misali G2-3, wato gidan biyu takarda ta uku. Bayan wata biyu, lokacin da takardu suka taru, wannan alamar ce za ta hana a ruɗe.

Ƙarƙashin wannan sai umarni, jimla ɗaya tak, da Hausa mai sauƙi: "Ƙirga kashi, ka rubuta amsa a akwati." Sai misali ɗaya da aka riga aka yi shi har ƙarshe. Kada a tsallake misalin nan. Da yawa daga yaran aji biyu ba su iya karanta umarni ba tukuna, iyaye da yawa ma da za su zauna da su a gida karatun allo suka yi. Misalin shi ne umarnin gaskiya.

Girman lambobi, a ma'aunin girman rubutu na Word, ya zama 20 zuwa 24 ga aji biyu, 16 zuwa 18 ga aji uku. Akwatin amsa tsayinsa santimita ɗaya da rabi, faɗinsa biyu, domin hannun yaro bai iya tsuke rubutu ba, kuma zai goge sau biyu ko uku. Hanya mafi sauƙi ta daidaita komai ita ce a saka tebur mai layi biyu a tsaye, kowanne santimita tara, a ɓoye layukansa, a bar na akwatin amsa kawai. Idan aka yi ta danna maɓallin tazara don a daidaita tambayoyi, da an kai fayil wata kwamfutar komai zai watse.

Salon haruffa ma abin dubawa ne. A zaɓi wanda 1 ba ta kama da 7, kuma wanda yake da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba sai a ga ƙananan akwatuna a wurinsu bayan an buga. Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, kyauta ne kuma yana da haruffan nan duka. Alamar sau kuma ta zama × ta ainihi, ba harafin x ba. A kwamfuta mai Windows ana samunta idan aka danne Alt aka buga 0215 a maɓallan lambobi na gefen dama. A yi ta da kauri, a ba ta sarari hagu da dama, saboda tsakaninta da + ɗan karkacewa ne kawai, yaro kuwa ba ya ajiye takarda a miƙe.

Yawan tambayoyi: takarda mai hoto shida zuwa takwas, mai lambobi zalla goma zuwa sha biyu a aji biyu, ashirin a aji uku. Takardun da ke cushe da tambaya hamsin ko ɗari suna burge iyaye, amma yaro tun daga kallo yake karaya, daga tambaya ta sha biyar kuma ba lissafi yake ba, cike gurbi yake.

Takardu biyar ga kowane gida

Ta farko ita ce ta kashi-kashi, kuma ita ta fi cancantar a ɓata lokaci a kanta. A kowace tambaya a zana da'ira-da'ira, kamar faranti, a cikin kowace a sa ɗigo. Ga yadda tambaya ɗaya take a gidan biyu: faranti uku a jere, kowanne faɗin santimita biyu da rabi, ɗigo biyu baƙaƙe a ciki masu girman ƙwayar wake. A ƙasa layi uku. Na farko: "Bibbiyu, kashi ___." Na biyu: 2 + 2 + 2 = ___. Na uku: 2 × 3 = ___. Yaro ya ga abu ɗaya a cikin riga uku: magana, tarawa, da sau. A tambayoyi biyu na ƙarshe a juya aikin, a ba shi 2 × 4 da farantai huɗu babu komai a ciki, shi ya zana ɗigon. Nan ake gane wanda ya fahimta. Wanda ya sa huɗu-huɗu a faranti, ko ya cika biyu ya bar biyu, a mayar da shi ga murafen kwalba.

Ɗigo ya fi hoton mangwaro ko mota. Hoto mai launi idan ya bi ta injin fotokofi yakan zama baƙin dunƙule, ya sha tawada, kuma yaro ya shagala da kallo. In ana son ɗan armashi, zanen layi mai sauƙi ya isa, kuma ya zama abin da lambar take a jikinsa: kaza don biyu, Keke Napep ko duwatsun murhu don uku, akuya don huɗu, tafin hannu don biyar.

Ta biyu ita ce ta sahu. Ɗigon ya fita daga faranti ya jeru sahu-sahu kamar masallata. Sahu huɗu, kowanne mutum uku: uku sau huɗu. Sai umarni na biyu, wanda shi ne zuciyar takardar: "Juya takardarka a kwance, ka sake ƙirgawa." Yanzu sahu uku ne, kowanne huɗu. Ba a ƙara ɗigo ba, ba a rage ba. Yaro ya rubuta 3 × 4 = 12 da 4 × 3 = 12 ƙarƙashin hoto ɗaya. Idan akwai kiret ɗin ƙwai a kusa a kawo shi aji: gurbi talatin, ta nan shida sau biyar, ta can biyar sau shida. Gurabun dara da dattawa ke tonawa a gindin bishiya ma yawanci haka suke, biyar da shida.

Ta uku ta tsallake ce. A yi tebur na lambobi 1 zuwa 50, ko zuwa 100 ga aji uku, goma-goma a kowane layi, gida santimita ɗaya da rabi. Yaro ya shafa fensir a kan duk lambar da ya dira yana tsallakawa. Gidan biyar zai fito da layi biyu a tsaye, duk masu ƙarewa da 5 da 0. Gidan goma layi ɗaya. Gidan tara ya gangaro a karkace. A ƙasan teburin a sa jerin gurabe: 5, 10, ___, 20, ___, ___, 35. Wannan takarda ba ta da wuya, minti biyar ta gama.

Ta huɗu ta lambobi zalla ce, kuma rabi biyu take. Rabin sama a jere, 2 × 1 zuwa 2 × 10. Rabin ƙasa a hargitse. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a bar su duka a shafi ɗaya a buɗe, yaro ya riƙa ɗaga ido yana kwafa. A ja layi mai ɗigo-ɗigo a tsakiya, bayan an duba rabin sama a naɗe shi baya. Wajen hargitsawa kuma a yi da lura: masu wuya irin 2 × 7 da 2 × 8 su fito sau biyu, 2 × 1 sau ɗaya ya isa, kuma kada 2 × 6 ta zo daf da 2 × 7, don kada ya ƙara biyu kawai ya wuce. Tun daga gida na biyu da aka koya, kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin rabin ƙasa su zama na gidajen baya. In ba haka ba, ranar da ya gama gidan biyar gidan biyu ya zube.

Ta biyar ita ce ta gurbi da labari. Gurbi irin 5 × ___ = 20, wanda shi ne ƙofar lissafin rabawa. Labari kuma uku ko huɗu, gajeru, daga rayuwar da yaro ya sani. "Inna ta dama fura, ta sa dunƙule biyu a kowace ƙwarya. Ƙwarya shida ce. Dunƙule nawa ta sa?" "Napep biyar sun tsaya a Ƙofar Ƙaura. Taya nawa ke nan?" "Muna salla biyar kowace rana. Salla nawa a kwana bakwai?" "Kawu zai tafi Daura ya yi mako uku. Kwana nawa zai yi?" A guji sa farashin kaya na gaskiya, domin takardar da aka buga bana za ta zama abin dariya baɗi, a tsaya ga takardun kuɗi kansu, naira goma guda huɗu, 'yar Murtala guda uku. Kuma a cusa tambayar tarawa guda ɗaya a tsakiya, kamar "Yaya tana da goro uku, aka ƙara mata huɗu." Yaron da ya rubuta sha biyu ya nuna cewa ba ya karanta labari, lambobi biyu kawai yake tsamowa ya buga su da juna.

Sifili da ɗaya suna buƙatar rabin falle nasu. Biyar sau ɗaya faranti ɗaya ne mai ɗigo biyar. Sifili sau huɗu farantai huɗu ne wayam. Da hoto, minti biyu; ba hoto, sai a shekara ana gyara 5 × 0 = 5.

Bugawa

A mayar da fayil PDF kafin a fita da shi daga gida, domin shi ne ba ya canja fasali a kwamfutar wani. Idan ta WhatsApp za a tura wa mai shago, a tura shi a matsayin fayil, kada a ɗauki hoton fuskar waya a tura. Hoto yana matsewa, layuka su fito dishi-dishi. A ce wa mai shago ya buga a ainihin girmansa, baƙi da fari, kuma ya fitar da falle ɗaya a duba tukuna. A warware tambayoyin wannan fallen da fensir tun daga farko har ƙarshe. Kuskure ɗaya a uwar takarda kuskure sittin ne a aji.

Firinta mai garin tona ta fi mai tawadar ruwa a wannan aiki, don rubutunta ba ya narkewa idan gumi ko yayyafi ya taɓa shi. A buga uwa ɗaya mai kyau, sauran a yi fotokofi daga ita. Kada a yi kofi daga kofi: a zagaye na uku 3 ta fara kama da 8, alamar sau ta cushe. A ajiye uwar a ledar fayil, a yi mata alama da makar haskaka rubutu ruwan ɗorawa, wadda galibi ba ta fitowa a kofi, don kada a raba ta da sauran bisa kuskure.

Lissafin takarda: bandir ɗaya falle 500 ne. Aji mai yara 60, idan kowa zai samu falle biyu a mako, 120 ke nan, bandir ya ƙare a mako huɗu. Idan aka tsara atisaye biyu a shafi ɗaya aka yanka biyu, ya kai mako takwas. Aka buga gaba da baya, ya wuce zango. Takardar lambobi zalla da ta labari suna shiga rabin falle lafiya lau. Ta kashi-kashi da ta sahu suna son cikakken shafi. Don gaba da baya a nemi takarda mai nauyin giram 80, wadda ba ta nuna rubutun baya sosai.

Da damina takarda tana shan danshi ta riƙa maƙalewa a inji, don haka a bar bandir a naɗe cikin takardarsa, a ɗaga shi daga ƙasa. Da hunturu kuma fallaye suna mannewa da juna inji ya ja biyu-biyu. A kama bandir a karkaɗa gefensa iska ta shiga kafin a zuba.

Takardun da za a maimaita, kamar teburin 1 zuwa 100, a zura su a ledar fayil mai haske, yaro ya rubuta a kan ledar da makar farin allo, a goge da tsumma. Talatin sun ishi aji mai sittin idan suna zama bibbiyu. Idan wani ya yi kuskure ya sa makar da ba ta gogewa, a bi ta kai da makar farin allo a goge nan take, ko a sa ɗan sifirit a auduga. Inda babu wuta ko kuɗin bugawa, duk tsarin nan yana yiwuwa da rula da biro baƙi: a zana uwa da hannu a kai fotokofi, ko a zana a kwali babba a manna a bango yara su kwafa.

Lokacin zama

Minti goma zuwa sha biyar a rana, kwana huɗu ko biyar a mako, sun fi awa guda ranar Asabar. Gida ɗaya yakan ci mako biyu: kwana biyu na hannu, kwana biyar na takardu, sauran na maimaici. A gida a zaɓi lokacin da yaro ba ya cikin gajiya. Yaron da ya taso boko da rana, ya wuce Islamiyya, ya dawo gab da Magariba, ba shi da sauran kai. Alhamis ko Juma'a da yamma, lokacin hutun makarantar allo, ko kuma bayan karin kumallo a ƙarshen mako, sun fi. Fensir za a ba shi, ba biro ba.

Maganar agogo: kada a sa wa yaro lokaci sai ya riga ya iya samun tara cikin goma ba tare da gaggawa ba. A Ingila, inda ake yi wa 'yan aji huɗu gwajin jadawalin sau na tambaya 25, daƙiƙa shida ake ba kowace tambaya, amma wannan bayan shekara uku ana koyo ne. Idan lokacin ya yi, yaro ya yi tsere da kansa, jiya minti huɗu yau uku da rabi, a rubuta a bayan takardarsa. Bulala a kan amsar da ba daidai ba kuwa abin da take koyarwa shi ne satar amsa da tsoron lissafi.

Karanta kuskure

Maki ba shi ne amfanin dubawa ba. Kowace amsa mara daidai tana faɗin takardar da za a buga gobe, don haka kada a tsaya ga jan kuros, a kira yaro a ce, "Zo nan ɗana, nuna mini yadda ka samo wannan."

Idan ya rubuta 3 × 4 = 7, tarawa ya yi. Ko dai bai bambance alamomin ba, ko bai san ma'anar sau ba. A nuna masa alamar a tambaye shi sunanta. In ya sani, matsalar ma'ana ce, a koma faranti. Haka ma 6 × 1 = 7.

Idan amsa ta kauce da ɗaya ko biyu, kamar 3 × 4 = 11, ƙirga yake da yatsu yana ɓata. Sau da yawa yana haɗawa da lambar da ya tsaya a kai: daga shida zai ƙara uku, sai ya ce "shida, bakwai, takwas". Takardar tsallake ce maganinsa, tare da faɗa a bayyane.

Idan amsar tana cikin gidan amma ta maƙwabciya ce, kamar 4 × 6 = 20 ko 28, wannan albishir ne: ya san jerin, adadin tsallen ne ya kuɓuce masa. A koya masa tsayawa a kan turaku biyu, sau biyar da sau goma. Huɗu sau biyar ashirin, ƙara huɗu ɗaya, ashirin da huɗu. A buga masa takardar da kowace tambaya mai wuya take ƙarƙashin turkenta.

Idan ya rubuta 21 a wurin 12, a tambaye shi da baki. In ya ce sha biyu, lissafinsa daidai ne, matsayin lamba ne bai zauna ba. A raba masa akwatin amsa gida biyu, na goma-goma a hagu, na ɗai-ɗai a dama. A kuma lura da yaran da suka saba da lambobin Larabci na cikin Alƙur'ani da littattafan Islamiyya: a can biyar tana kama da sifilin boko, shida kuma tana kama da 7. Wani lokaci abin da ya fito a takarda cakuɗuwar rubutu biyu ne kawai. Siririn layi a ƙasan kowane falle mai ɗauke da 0 zuwa 9 da ɗigonsu yana warware wannan cikin 'yan makonni. Haka kuma yaron da ya ji ana cewa "ashirin ba biyu" a gida ko a kasuwa, a nuna masa ita ce sha takwas, 18 ake rubutawa.

Gidan tara yana da dabarar yatsu da ta cancanci a zana ta a saman takardarsa. A buɗe hannu biyu, a ƙirga daga hagu, don tara sau huɗu a lanƙwashe yatsa na huɗu: uku a hagunsa, shida a damansa, 36. Kuma daga 9 har 90, lambobin kowace amsa idan aka tara su tara suke bayarwa, abin da yaro zai duba aikinsa da shi da kansa.

Shidan nan da suka rage, su ne masu taurin kai, musamman 6 × 8 da 7 × 8, inda 48 da 54 da 56 ke shiga wa juna. Su ba cikakken falle suke so ba. A raba A4 gida takwas, kowane kati kamar santimita 7 da 10, tambaya a gaba da manyan lambobi, amsa da hoton sahu a baya, a buga a kwali ko a manna. Kati shida na waɗannan, biyun da suka rage na duk tambayoyin da wannan yaron da kansa yake yawan faɗuwa. A huda kusurwa a zura zare. Kati biyu a rana, safe da yamma. Wanda ya amsa ba tare da jinkiri ba kwana uku a jere a cire shi daga zaren, a dawo da shi bayan mako guda a sake gwadawa.